Sirrin kumburin masa, funkaso, alkaki da kek a girkin gida

Tsadar fulawa da sukari da man girki ta sa lalacewar ƙulli kwano guda ta zama asarar da ake ji a jika a gidaje da dama na arewacin Najeriya da kudancin Nijar. Abin da ke raba masa mai laushi da wadda ta danƙare, ko kek mai tashi da wanda ya kwanta, galibi abu guda ne, wato yadda aka shigar da iska cikin kwaɓin, da kuma yadda aka tsare ta a ciki har wuta ta kama shi.

Najeriya dai tana sayo fiye da kashi 90 cikin 100 na alkamar da take amfani da ita daga ƙasashen ƙetare. A saboda haka ne farashin fulawa ya yi tashin gwauron zabi bayan da yaƙi ya ɓarke a shekara ta 2022 tsakanin Rasha da Yukren, ƙasashe biyu da ke sahun gaba wajen sayar da alkama a kasuwannin duniya. A shekara ta 2023 kuma janye tallafin man fetur da faɗuwar darajar naira suka ƙara dagula al'amarin.

A irin wannan hali uwargida, ko mai sana'ar suya a bakin kasuwa, ba ta da sararin zubar da ƙulli ta sake wani. Sanin dalilin da ya sa kwaɓi ke tashi, da abin da ke hana shi tashi, ya zama wani ɓangare na tattalin gida.

Hanyoyi uku na kumburi

Duk wani abinci mai kumburi, daga ƙosai har zuwa burodi, cike yake da ƙananan ramuka na iska. Hanyoyi uku ne ake bi a samar da waɗannan ramuka, kuma duka ukun Hausawa sun san su tun kafin zuwan kayan kanti.

Hanya ta farko ita ce ta ƙananan halittu masu rai. Yis wata halitta ce daga dangin naman gwari, wadda ido ba ya iya ganin ƙwayarta guda. Tana cin zaƙin da ke cikin gari, tana fitar da iskar kabon, irin wadda ɗan Adam ke fitarwa idan ya yi numfashi. Wannan iska ce ke tura ƙulli ya cika kwano. A shekara ta 1857 ne masanin kimiyyar nan na ƙasar Faransa, Louis Pasteur, ya fara wallafa sakamakon binciken da ya tabbatar cewar halittu masu rai ne ke haddasa tsami da kumburi. Busasshen yis na leda kuwa bai yaɗu ba sai daga zamanin yaƙin duniya na biyu.

Kafin zuwansa, matan Hausawa kan bar ƙulli ya kwana a rufe, ko su zuba masa ragowar ƙullin jiya, ko nono mai tsami. Yis na daji da ke jikin hatsi da ƙwarya, tare da wasu ƙwayoyin bakteriya masu amfani irin waɗanda ke mayar da madara kindirmo, su ne ke yin aikin. Yis yana ba da kumburi, bakteriyar tana ba da tsami da ƙamshi. Shi ya sa masar da ta kwana ta fi wadda aka tayar da yis cikin sa'o'i biyu ɗanɗano.

Yis kan fitar da ɗan burbushin barasa yayin da yake aiki, sai dai mafi yawansa yana ƙonewa ya bi tururi a lokacin gashi ko suya, kuma al'ummar Musulmi sun shafe ɗaruruwan shekaru suna cin gurasa mai kumburi.

Hanya ta biyu ita ce ta sinadarai. Idan kanwa ta haɗu da abu mai tsami, nan take iska ke fita, tsamin kuma ya ragu. Wannan shi ne dalilin da ya sa ake ɗiga ruwan kanwa a ƙullin masa dab da fara suya. Bekin hoda ma haka take aiki, domin gari ne da aka haɗa sinadari mai kama da kanwa da wani mai tsami, suna jiran ruwa da zafi kawai. Wani mai haɗa magunguna a birnin Birmingham na Ingila, Alfred Bird, shi ne ya ƙirƙiro ta a shekara ta 1843, saboda yis ba ya karɓar matarsa. A shekara ta 1893 kuma August Oetker, a garin Bielefeld na Jamus, ya fara sayar da ita cikin 'yan ƙananan takardu, kowace ɗaya daidai awon fulawa giram 500, matakin da ya sauƙaƙa wa matan gida yin kek ba tare da kuskuren awo ba.

Hanya ta uku ita ce bugu. Da muciya ko ludayi ko hannu ake tura iska cikin ƙulli. Ƙosai da wannan hanya kaɗai yake tashi.

Abin da ke riƙe iskar

Samar da iska rabin aiki ne, domin tilas a sami abin da zai hana ta gudu. A nan ne alkama ta bambanta da sauran hatsi. Tana ɗauke da wani sinadari mai gina jiki da masana ke kira gulutin, wanda kan zama danƙo idan aka jiƙa gari aka murza shi. Wannan danƙo yana miƙewa kamar roba, ya kuma kulle iskar a ciki.

Shinkafa da gero da dawa da masara ba su da wannan danƙo. Don haka ba a iya yin burodi mai tsayi da su kaɗai. Dabarar da iyaye mata suka gada ita ce su yi ƙullin da ɗan ruwa-ruwa, su haɗa shi da dafaffen hatsi ko talge domin ya sami kauri, sa'an nan su soya shi a ƙananan gurabun tanda, inda zafi zai kama shi da sauri tun iskar ba ta fice ba.

Daga nan ake samun ƙa'ida mai sauƙi. Inda ake son danƙo, kamar funkaso da gurasa, a murza ko a buga sosai. Inda ake son laushi mai narkewa a baki, kamar kek, da zarar fulawa ta shiga sai a taƙaita juyi.

Masa da sinasir

Masa, wadda a Kano da kewaye aka fi sani da waina, ita ce ta fi nuna aikin tsami. Garin Bauchi ya yi suna a kanta, kuma da wuya a yi sallah ko biki ko suna ba a dasa tanda ba.

Domin iyali matsakaici, a jiƙa farar shinkafar tuwo kofi 4 na tsawon sa'o'i 6 ko ta kwana. A dafa wani rabin kofi har ya yi luguf kamar za a yi tuwo, a bar shi ya huce. A wanke jiƙaƙƙiyar, a haɗa da dafaffiyar da albasa guda, a markaɗa ba tare da an cika ruwa ba. Idan ƙullin ya dawo daga inji da zafi, a jira ya huce kafin a zuba yis ƙaramin cokali 2, domin zafin da hannu ba zai iya jurewa ba yana kashe yis. A rufe a ajiye a wuri mai ɗumi na sa'o'i 3 zuwa 5.

Alamar tashi ita ce ƙullin ya ƙaru sosai, samansa ya yi ƙananan idanu, ya kuma fara ƙamshin tsami. A lokacin ne ake zuba sukari babban cokali 2 ko 3, da gishiri kaɗan, da ɗan ruwan kanwa ko bekin hoda ƙaramin cokali guda. Ana jinkirta gishiri ne saboda yana rage wa yis kuzari. Kaurin da ake so shi ne wanda zai zubo daga ludayi a hankali, kamar kunu mai kauri.

Tanda tana buƙatar matsakaiciyar wuta. Idan wuta ta yi yawa, bayan masar zai ƙone cikinta kuma ya fito ɗanye. Ana juya ta ne idan gefenta ya kama, tsakiyar kuma ta daina rawa. Masar da ta shanye mai ta kwanta, yawanci ƙullin ne ya yi ruwa ko ya wuce lokacinsa. Wadda ta yi tauri kuwa, ko dafaffiyar shinkafar ta yi kaɗan, ko ba a bari ya tashi ba.

Sinasir, wanda ya fi shahara a ƙasar Borno, da irin wannan ƙulli ake yin sa, sai dai a sassauta shi da ruwa. Ana zuba shi da faɗi a kasko mai ɗan shafin mai, a rufe, tururi ya dafa samansa. Ba a juya shi, kuma kyansa ya fito fari da ramuka kamar saƙar zuma.

Abokiyar tafiyarsu ita ce miyar taushe. Ana dafa nama mai ƙashi da albasa da daddawa, a saka kabewa ta nuna har ta narke, a zuba jajjagen tattasai da attaruhu da tumatir da mai. Daga nan sai niƙaƙƙiyar gyaɗa domin kauri. Alayyahu da ɗan yakuwa su ne na ƙarshe, mintoci kaɗan kafin a sauke, domin kada ganyen ya yi baƙi ya rasa amfaninsa. Ita kanta daddawar, da ake yi da kalwar ɗorawa, aikin ƙwayoyin bakteriya ce, waɗanda ke narkar da ƙwayar cikin 'yan kwanaki su fito da ƙamshinta.

Funkaso, alkubus da gurasa

Sunayen abincin alkama da kansu suna ba da labarin hanyar da suka biyo. Kalmar alkama daga Larabci take, haka ma alkubus da gurasa da alkaki da sukari. Wannan shaida ce ta tsohuwar hulɗar fatauci tsakanin biranen Kano da Katsina da Borno da kuma arewacin Afirka, ta hanyar hamadar Sahara.

An daɗe ana noman alkama a fadamun ƙasar Hausa da rani, amma ba da yawa ba, domin shuka ce mai son sanyi da ban ruwa. Ƙarancinta ne ya sa abincinta ya zama na gidajen sarauta da attajirai da ranakun biki. Farar fulawa ta wadata ne bayan kafa manyan injinan niƙa, irin kamfanin Flour Mills of Nigeria da aka kafa a shekara ta 1960. A shekara ta 1987 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta hana shigo da alkama domin ƙarfafa nomanta a wurare irin su Kadawa da kwarin Haɗeja da Bakolori, amma aka ɗage haramcin a farkon shekarun 1990, ganin cewar abin da ake nomawa bai kusa wadatar da ƙasar ba.

Funkaso na asali da garin alkama mai dusa ake yin sa. A haɗa gari kofi 4 da yis ƙaramin cokali 2 da gishiri ƙaramin cokali guda, a riƙa zuba ruwa mai ɗumi ana bugawa da hannu, har kwaɓin ya fara miƙewa idan an ja shi. Ya fi na fanke kauri, amma bai kai na burodi tauri ba. A rufe na sa'a ɗaya zuwa biyu har ya ninka. A jiƙa hannu, a ɗebo, a huda tsakiya, a sake shi cikin mai mai zafi. Hudar tana da amfani, domin ita ke ba mai hanyar dafa tsakiyar. Idan alkama ta yi tsada, ko ana son ya fi tashi, ana iya raba ta biyu da fulawa.

Alkubus ɗan uwan funkaso ne, sai dai turara shi ake yi. Ana ƙara wa kwaɓin ɗan mai, a zuba rabin gwangwani da aka shafa wa mai, a jera a madambaci ko tukunya mai ruwa a ƙasa, a rufe na minti 20 zuwa 30. Ba ya cin man suya, don haka ya fi sauƙi ga aljihu da kuma masu kaffa-kaffa da maiƙo.

Gurasa kuwa a tanderu ake gasa ta, wato babbar tukunyar ƙasa da ake hura wuta a cikinta, sa'an nan a manna kwaɓin a jikin bangonta. Tsananin zafin bangon ne ke sa ta tashi cikin 'yan mintoci. A Kano an fi cin ta a matsayin bandashe, da garin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da albasa da tumatir.

Alkaki da kayan gara

A ɓangaren kayan zaƙi, alkaki ne ke kan gaba. Tare da nakiya da dubulan da cincin, yana daga cikin kayan garar da iyayen amarya ke kai wa gidan ango. Ingancinsa kan zama abin magana tsakanin dangi biyu, shi ya sa iyalai da yawa ke ba da kwangilarsa ga matan da suka ƙware.

Da tsakin alkama ake yin sa, wato wadda aka ɓarza ba a niƙe lilis ba. Ana murje mudu guda da man shanu ko man gyaɗa kimanin kofi ɗaya, a kwaɓa da nono mai tsami ko ruwan tsamiya, a rufe ya kwana. Kashegari a ɗiga ruwan kanwa, a kirɓa a turmi ko a murza har ya haɗe. Daga nan a mulmula shi siriri, a naɗe, a soya a wuta marar ƙarfi domin cikinsa ya soyu ya bushe. Haɗuwar tsamin da ya kwana da kanwar ce ke buɗe ƙananan ramukan da za su sha zaƙi daga baya. Alkakin da bai yi tsami ba yakan fito da tauri, ruwan sukari kuma ya tsaya a bayansa kawai.

Ruwan sukarin ma yana da ƙa'ida. A dafa sukari kofi 2 da ruwa kofi ɗaya, a matsa lemon tsami ko a zuba ɗan ruwan tsamiya. Tsamin yana farfasa sukarin zuwa wasu nau'o'i biyu da ba sa saurin daskarewa, don haka alkakin zai zauna da sheƙi maimakon ya yi farin gari a jikinsa. Ya nuna idan aka ɗiga shi tsakanin yatsu biyu, bayan ya ɗan huce, ya ja zare. Ana tsoma alkakin tun yana da ɗumi. Masu hali kan yi amfani da zuma, kamar yadda ake yi a da.

Dalilin da ya sa waɗannan kaya ke makonni ba su lalace ba shi ne suya ta kore ruwan jikinsu, sukari kuma ya kame ragowar, ta yadda ƙwayoyin da ke ruɓar da abinci ba su samun damshin rayuwa. Nakiya, wadda ake dakawa da garin shinkafa da zuma ko sukari da man shanu da kayan ƙamshi irin citta da kanumfari da masoro, ba ta buƙatar kumburi ko kaɗan, kuma ita ma bisa wannan dalili take daɗewa. Abin da ke ɓata su shi ne a rufe su da zafinsu, ko a ɗeba da jiƙaƙƙen hannu.

Ƙosai da kek

Ƙosai da kek ba su yi kama ba a ido, amma dukkansu da bugu suke tashi. Bayan an surfa wake an markaɗa shi da albasa da attaruhu da ruwa kaɗan, ana buga ƙullin na tsawon mintoci har ya yi haske ya ƙaru. Sinadarin gina jiki da ke cikin wake shi ke riƙe iskar, kamar yadda farin ƙwai ke yi. Masu sana'ar kan jarraba ta hanyar ɗiga ƙullin cikin ruwa, in ya taso sama to ya bugu. Gishiri sai dab da suya, kuma ƙullin da ya zauna sai an sake buga shi.

Kek mafi sauƙi yana bin tsohuwar ƙa'idar nauyi ɗaya: bota giram 250, sukari giram 250, fulawa giram 250, da ƙwai 5 matsakaita, waɗanda nauyinsu ya kusa haka, sai bekin hoda ƙaramin cokali 2. Ana fara buga bota da sukari har su yi fari su yi laushi, domin ƙwayoyin sukarin ne ke yanka ramukan iska a jikin botar. Ƙwai ɗaya bayan ɗaya ake fasawa ana bugawa. Fulawar da aka tankaɗe tare da bekin hoda ita ce ta ƙarshe, a juya ta a hankali har ta ɓace kawai. A obin ana gasawa a zafin digiri 180 na ma'aunin Salsiyos, minti 35 zuwa 45 ga babban gwangwani, minti 15 zuwa 20 ga ƙanana.

Rashin obin ko rashin tsayayyiyar wutar lantarki ba ya hana yin kek. Ana zuba yashi mai tsabta a faffaɗar tukunya, kaurin yatsu biyu ko uku, a rufe a ɗora a wuta na kimanin minti 15 ya ɗauki zafi. A jera gwangwanayen a kai, a rufe, a rage wutar ƙasa, a ɗora ɗan garwashi a kan murfin. Yashin yana raba zafi daidai, ya hana gindin kek ƙonewa. Kada a buɗe tukunyar kafin kashi biyu cikin uku na lokacin ya wuce, domin sanyin da zai shiga yana sa tsakiyar ta lotsa. Idan aka soka tsinke ya fito a bushe, to ya gasu.

Awo da yanayi

Babbar matsalar da masu koyon girki daga littafi ko intanet ke fuskanta ita ce ta awo. Mudu da tiya da gwangwani sun bambanta daga kasuwa zuwa kasuwa. Kofin awo na zamani yana ɗaukar kimanin mililita 240, babban cokali 15, ƙarami kuma 5. Sai dai kofin fulawa nauyinsa kimanin giram 125 ne, alhali kofin sukari ya kai giram 200. Wanda ya auna kofi da kofi yana zaton ya daidaita su, ya zuba sukarin da ya fi fulawar nauyi sosai ne. Ga masu yin kek na sayarwa, ƙaramin sikeli yakan biya kuɗinsa cikin ɗan lokaci.

Yanayi ma yana da tasiri. Yis ya fi kuzari tsakanin digiri 25 zuwa 35, yana kuma mutuwa idan zafi ya doshi digiri 60. Da hunturu, lokacin da dare ke yin sanyi ƙwarai a Kano ko Damagaram, ƙullin da ya saba tashi cikin sa'o'i 3 yana iya kwana, don haka ake kwaɓa shi da ruwan ɗumi a ajiye kusa da murhu. Da bazara kuwa, inda zafi kan haura digiri 40, yana saurin wuce gona da iri ya yi tsami ya faɗi, sai a rage yis a kuma nemi inuwa. Ido da hanci sun fi agogo gaskiya a wannan fanni.

Ana iya gwada yis kafin a yi asarar gari. A zuba shi a ruwan ɗumi mai ɗan sukari, idan minti 10 suka wuce bai yi kumfa ba, to ya mutu. Bekin hoda kuwa a ruwan zafi ake gwada ta, mai kyau nan take za ta tafasa.

Batun lafiya

Tsami yana da amfanin da ya wuce ɗanɗano. Bincike ya nuna cewar yana rage wani sinadari a jikin hatsi da ke hana jiki tsotsar sinadarin ƙarfe mai ƙara jini, kana yana takura wa ƙwayoyin cuta da dama.

Amma akwai wuraren da ya kamata a yi hattara. A shekara ta 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da babban mutum ke sha a rana ya wuce kimanin giram 50, wato ƙaramin cokali 12, kuma ya fi kyau a tsaya a rabin haka. Gishiri kuma kada ya kai giram 5. Alkaki da dubulan a da abincin biki ne da ake gani jefi-jefi. Mayar da su abin ci na kullum, tare da shayi mai sukari da lemon kwalba, babban haɗari ne ga masu ciwon sukari da waɗanda suka gaje shi.

Kanwa ma sai da lissafi. Yawanta yana lalata wani nau'in bitamin B da ke cikin hatsi da wake, yana ƙara wa abinci sinadarin da ke cikin gishiri, ya kuma bar ɗaci. Hanya mafi kyau ita ce a jiƙa ta, a bari ƙasar ta kwanta, a tsiyayi ruwan sama kawai. Man da aka soya abu da shi har ya yi baƙi, yana kumfa ko hayaƙi da wuri, ya kamata a rabu da shi.

Masu gasa burodi a gida kuma su guji duk wata hodar ƙara kumburi da ba a san asalinta ba. A farkon shekarun 2000 hukumar NAFDAC, a ƙarƙashin marigayiya Dora Akunyili, ta tsananta yaƙi da sinadarin buromet da wasu gidajen burodi ke amfani da shi, saboda illar da yake yi wa ƙoda da kuma fargabar yana haddasa cutar daji.

Komawa ga hatsin gida

Tsadar alkama ta sake jawo hankali ga abin da ake nomawa a gida. Najeriya da Nijar suna cikin ƙasashen da suka fi noman gero a duniya bayan Indiya, kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe shekara ta 2023 a matsayin shekarar gero da danginsa, saboda jurewarsu ga fari da kuma amfaninsu ga jiki.

Masar gero da ta dawa da ta masara duka suna bin ƙa'idar da aka bayyana a sama: a dama talge da wani ɓangare na ƙullin domin ya riƙe iska, a bar shi ya yi tsami, a kashe tsamin da kanwa kaɗan. A kek da fanke ma ana iya maye kimanin kashi ɗaya cikin biyar na fulawa da garin dawa ko na rogo ba tare da kumburin ya ragu sosai ba. Idan aka zarce haka danƙon alkama zai yi kaɗan, abin kuma ya fara kwanciya.

Galibin wannan sani ba a rubuce yake ba. Yana hannun iyaye da kakanni da matan da suka shekara suna sana'ar tanda, waɗanda ke auna kanwa da ido su gane tashin ƙulli da ƙamshi. Yayin da 'yan mata da dama ke shafe shekarun ƙuruciyarsu a makarantun kwana da jami'o'i, iyalan da suka zauna da waɗannan dattawa suka mayar da awonsu zuwa kofi da cokali da minti, su ne za su iya miƙa girkin ga na baya yadda suka same shi.